Yadda ake saita bayas a amfilifaya mai bawul ba tare da an ƙona faranti ba

Da zarar mutum ya sayi sababbin bawul, wato kwalaben gilashin nan masu ƙara ƙarfin sauti, ya cire tsofaffi daga amfilifayarsa, tambayar da yake fara yi ita ce a kan miliamfa nawa zai saita su. Wani ya ce masa 35, wani ya ce 40, kuma kowanne daga cikinsu yana iya yin daidai ko ya yi kuskure, domin wannan lamba ita kaɗai ba ta faɗi komai ba. Abin da ke kashe bawul zafi ne, zafin da farantinsa, wato babban ƙarfen da ke cikin gilashin, yake sha, kuma wannan zafi yana fitowa ne daga abu biyu a haɗe: yawan wutar da ke ratsa bawul ɗin, da ƙarfin bolt da ke tsakanin faranti da katod. Miliamfa 40 a kan bolt 350 wat 14 ne, amma miliamfa 40 ɗin nan a kan bolt 500 wat 20 ne. Saboda haka aikin bayas gaba ɗayansa awo ne, sai lissafi, sai kuma a sake yin awo.

A cikin kwalbar bawul akwai hita mai ɗumama katod, katod kuma yana sakin ilektiron waɗanda faranti ke janyowa da babban ƙarfin bolt ɗin da aka ɗora masa. Tsakaninsu akwai ragar sarrafawa, wadda ita ce mai tsaron ƙofa. Idan aka riƙe ta a ƙasa da katod da wasu bolt, sai ta tare mafi yawan ilektiron ɗin, ta bar kaɗan su wuce. Wannan tazara da ke tsakanin raga da katod ita ake kira bayas. In tazarar ta yi yawa, bawul ya yi sanyi. In ta yi kaɗan, ya yi zafi. In kuma ta ɓace gaba ɗaya, ƙofa ta buɗe ke nan, faranti zai yi ja kamar garwashi cikin daƙiƙu kaɗan, kuma sau da yawa ba ya mutuwa shi kaɗai, yakan tafi da rezistar raga ta biyu, wadda ke tsakanin ragar sarrafawa da faranti, ko ma taransifomar fitar da sauti, wadda ta fi bawul ɗin tsada nesa ba kusa ba.

Wane irin bayas ne a gabanka

Kafin a taɓa komai sai an gane tsarin injin. Akwai kafaffen bayas, inda katod ke haɗe da shasi, wato ƙarfen jikin injin, kai tsaye, sannan wani ƙaramin sashe na daban yana samar da bolt nagatif ya kai wa raga. Sunan yana da ruɗi, domin wannan shi ne irin da ake murɗawa a saita. Haka Fender Twin Reverb da Deluxe Reverb na tsakiyar shekarun 1960 suke, haka Marshall JCM800, haka kuma Dynaco ST-70 da ya fito a 1959. Wasu kamfanoni, irin su Mesa/Boogie, suna yin kafaffen bayas ba tare da mamurɗi ba, sai dai a nemi bawul ɗin da ya dace da abin da suka kafa. A wasu injunan Fender na bayan 1968 kuwa, mamurɗin da ke ciki yana daidaita ɓangarori biyu ne kawai, ba ya ɗaga bayas ɗin duka ko ya sauke shi, kuma mutane da yawa sun ɓata lokaci suna murɗa shi suna mamakin abin da ya sa ɗaya ke hawa ɗaya na sauka.

Na biyu shi ne bayas na katod. A nan an sa rezista tsakanin katod da shasi, wutar da ke ratsa bawul ita ce ke ɗaga katod sama da raga, don haka bawul yana tsare kansa da kansa zuwa wani mataki. Vox AC30 da bawul EL84 guda huɗu haka yake, haka ƙaramin Fender Champ, haka Quad II na Ingila mai KT66. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a bi wayar ƙafar katod, in ta tafi shasi kai tsaye, ko ta bi ta rezista mai om 1 ko 10, kafaffe ne, in ta bi ta babbar rezista mai om 50 zuwa 500 tare da kafasita a gefenta, na katod ne.

Iyakar kowane bawul, da dalilin kashi 70

Kowane bawul yana da iyakar wat da farantinsa zai jure, kuma tana rubuce a takardar bayanansa. EL34 wat 25 ne. 6L6GC wat 30 ne, amma tsofaffin 6L6, waɗanda kamfanin RCA ya fara fitarwa a 1936, da 6L6G da 6L6GB, wat 19 ne kawai, 5881 kuma wat 23. EL84 wat 12 ne. 6V6GT wasu takardu sun ba shi wat 12, wasu 14, saboda an bi tsarin ƙididdiga iri biyu. Ni dai ina lissafi da 12 in bawul ɗin tsoho ne ko ban san asalinsa ba. KT66 wat 25, 6550 wat 35, KT88 kuma ana ganin 35 a wata takarda, 42 a wata, kuma 42 ɗin nan ita ce iyaka ta ƙarshe da ba a so a kusanta. Bawul ɗin da ake sayarwa yau suna fitowa ne daga masana'antar JJ a Sulobakiya, da masana'antar birnin Saratov a Rasha, da wasu a Sin, kuma sunan da aka buga a jikin gilashi ba koyaushe yake nuna abin da ke ciki ba. Akwai bawul na Rasha da aka daɗe ana sayarwa da sunan 5881 ko 6L6 alhali asalinsa 6P3S ne, wanda iyakarsa ba ta wuce wajen wat 20 ba. Wanda ya lissafa shi da wat 30 ya riga ya ƙona shi tun a takarda.

Yawancin amfilifaya masu bawul biyu ko huɗu suna aiki ne a tsarin tura-da-ja na ajin AB, inda ɓangare ɗaya ke ɗaukar rabin igiyar sauti, ɗayan ya ɗauki sauran rabin, kuma dukansu suna jan wuta kaɗan ko da babu sauti. A wannan tsari zafin faranti yana ƙaruwa idan sauti ya shigo, ya kai ƙololuwa a wani wuri kafin cikakken ƙarfi. Shi ya sa ba a saita bawul a kan iyakarsa lokacin da yake zaune shiru, sai a bar masa sarari. Al'adar masu gyara ita ce kada zafin zaman shiru ya wuce kashi 70 cikin 100 na iyaka. Wannan rufi ne, ba wurin da dole sai an kai ba. Tsakanin kashi 55 da 65 yawancin injuna suna sauti lafiya, bawul kuma yana daɗewa. In aka yi ƙasa sosai, wajen kashi 40 ko ƙasa da haka, sai a fara jin wani ƙaiƙayi a sauti, musamman a ƙaramar murya, domin ɓangare ɗaya yana sakin igiyar kafin ɗayan ya karɓa.

Lissafin kansa gajere ne. A ninka iyakar wat da kason da ake so, a raba da bolt na faranti. 6L6GC a kan bolt 450: 30 sau 0.7 ya ba da wat 21, a raba da 450, ya zama amfa 0.046 da ɗoriya, wato miliamfa 46 da ɗoriya. A kashi 60 kuwa miliamfa 40. EL34 a kan bolt 470: wat 17.5 a raba da 470, miliamfa 37. 6V6 a cikin Deluxe Reverb, inda faranti ke kan wajen bolt 420: wat 8.4 a raba da 420, miliamfa 20 kacal.

Kafin hannu ya shiga cikin shasi

A cikin waɗannan injuna akwai bolt 400 zuwa 500, wasu ma sun haura haka, kuma miliamfa 'yan gommai da suka ratsa ƙirji sun isa su tsayar da zuciya. Cire fulogi ba ya kawar da haɗarin, domin manyan kafasitocin tace wuta suna riƙe caji bayan an kashe. Wanda bai taɓa aiki da irin wannan wuta ba ya zauna kusa da wanda ya saba, ya gani da idonsa sau ɗaya ko biyu kafin ya gwada.

Ana sauke cajin ne da rezista mai kilo-om 47 da wat 5, a haɗa mata wayoyi masu rufi mai kauri da maƙalai masu bakin kada. A fara maƙala ɗaya a shasi, sannan a taɓa ɗayan a kan fositif na babban kafasita. Kafasita mai maikurofarad 100 zai sauka ƙasa da bolt 10 cikin abin da bai kai rabin minti ba. A auna da mita a tabbatar, kada a yi zato. Makunnin jiran aiki, wanda ke ba bawul damar ɗumama kafin babbar wuta ta shiga, yana raba wasu kafasitoci da sauran a injuna da yawa, don haka a mayar da shi matsayin aiki bayan an cire fulogi, ko a sauke kowane ɓangare daban. Caji kan ɗan dawo da kansa bayan an cire rezista, shi ya sa ake barin ta a maƙale muddin ana aiki a ciki, a kuma tuna a cire ta kafin a kunna. Masu haɗa kafasita da shasi da sukundireba don su ga tartsatsi suna lalata kafasitan ne kawai.

Sauran ƙa'idojin kaɗan ne amma ba a sassauta su. Mitar ta kasance wadda aka rubuta tana jure bolt 600 ko 1000, wayoyinta babu tsagewa. Baƙar waya a maƙale ta a shasi tun kafin a kunna, a riƙe jar da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana cikin aljihu ko a bayan baya. A cire zobe da agogo, a sa takalmi mai ƙasan roba, kada a tsaya a kan siminti mai danshi. Sannan lasifika, ko rezistar da ke maye gurbinta mai om daidai da na injin, dole ta kasance a haɗe duk lokacin da aka kunna, domin amfilifayar bawul da ba ta da kaya a bakinta tana iya fasa rufin wayoyin taransifomarta.

Gwajin farko, babu bawul a soket

Ƙafafun 6L6, 6V6, EL34, KT66, KT88 da 6550 takwas ne, kuma ana ƙirga su daga ƙarƙashin soket, a fara daga tsagar tsakiya a bi yadda hannun agogo ke tafiya. Ta 2 da ta 7 hita ne, ta 3 faranti, ta 4 raga ta biyu, ta 5 ragar sarrafawa, ta 8 katod. A EL34 ƙafa ta 1 raga ta uku ce, kuma akan haɗa ta da ta 8. Fender kuwa yana amfani da ƙafa ta 1 a matsayin wurin ɗaure wata rezista, shi ya sa ba a cusa EL34 a soket ɗin da aka yi wa 6L6 haka kawai, ban da cewa hitar EL34 tana jan amfa 1.5, ta 6L6GC kuwa 0.9. EL84 ƙafa tara gare shi: raga a ta 2, katod a ta 3, faranti a ta 7, raga ta biyu a ta 9.

A cire manyan bawul duka, a kunna, a auna ƙafa ta 5 ta kowane soket da shasi. Dole a ga nagatif. Ga 6L6GC akan samu wajen −45 zuwa −55, ga EL34 wajen −35 zuwa −45, ga 6V6 a babban bolt wajen −35. A murɗa mamurɗin daga ƙarshe zuwa ƙarshe a ga iyakar tafiyarsa, sannan a bar shi inda lambar ta fi nisa da sifili, wato wurin da ya fi sanyi. In wani soket ya nuna abin da ya bambanta da na 'yan'uwansa bayan babbar wuta ta shiga, misali −38 alhali sauran suna −52, to kafasitan da ke kawo masa sauti daga matakin baya yana yoyo, kuma babu saitin da zai yi magani sai an canza shi. In babu nagatif ko kaɗan, a kashe, a duba diyod da ƙaramin kafasitan bayas, wanda fositif ɗinsa ne ke zuwa shasi, saɓanin sauran; masu gyara da dama sun juya shi bisa sabo. Kada a daɗe a wannan gwaji, domin idan babu bawul mai jan wuta bolt yana hawa har ya kusanci iyakar kafasitoci.

Hanyoyin auna wutar da bawul ke ja

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta rezista mai om 1. Bayan an kashe an sauke caji, a cire wayar da ta haɗa ƙafa ta 8 da shasi, a sa rezista mai om 1, wat 1 ko 2, a madadinta, kowane bawul da tasa. Duk milibolt ɗaya da mita ta nuna a kanta miliamfa ɗaya ne, kuma wurin da ake aunawa ba ya da babban bolt. A sayi rezista mai kuskuren kashi 1 cikin 100, domin mitar kasuwa ba za ta iya tantance om 1 ba, wayoyinta kaɗai sukan kai rabin om. Akwai kuma soket na awo da ake sayarwa, wanda ake cusawa tsakanin bawul da soket ɗinsa, yawancinsu wannan rezistar ce a ciki, kuma amfaninsa shi ne ba sai an buɗe shasi ba, in dai mamurɗin yana waje.

Abin da ake karantawa a katod ya haɗa da wutar faranti da ta raga ta biyu, wadda a zaman shiru takan kai miliamfa 2 zuwa 5 a manyan bawul. Mai son tantancewa zai iya auna faɗuwar bolt a kan rezistar raga ta biyu, wadda a Fender om 470 ce, ya raba, ya debe, bolt 1.4 a kanta miliamfa 3 ke nan. Ni ba na debewa. Ina lissafa duka kamar ta faranti ce, ɗan kuskuren ya faɗa ta wajen sanyi.

Dynaco ya bi wannan dabara tun daga masana'anta. A ST-70 kowace tashar sauti, ta hagu da ta dama, tana da EL34 biyu a kan rezista ɗaya mai om 15.6, kuma littafin injin ya ce a saita har a ga bolt 1.56, wato miliamfa 100 ga biyun, 50 ga kowanne. An zaɓi wannan lamba ne saboda ta yi daidai da ƙarfin sabon batirin tocila, domin mai injin ya gwada gaskiyar mitarsa da shi. Dabara ce mai kyau, sai dai an yi ta ne lokacin da wutar gida a Amurka take bolt 117, kuma masu irin wannan inji da yawa yanzu suna sauka zuwa wajen miliamfa 40 ga kowane bawul.

Hanya ta biyu ba ta buƙatar a canza komai. Bayan inji ya ɗumama, a kashe, a sauke caji, a auna om tsakanin wayar tsakiya ta taransifomar fitar da sauti da ƙafa ta 3 ta kowane ɓangare, a rubuta. Ɓangarorin biyu ba sa zuwa daidai, ana iya ganin 45 a nan, 50 a can. Ana aunawa da ɗumi ne saboda juriyar tagulla tana ƙaruwa da zafi. Sannan a maƙala wayoyin mita a wuraren nan biyu, a mayar da ita kan bolt, a janye hannu, a kunna. Bolt 1.8 a kan om 45 miliamfa 40 ne, kuma wutar faranti ce tsantsa. In bawul huɗu ne, abin da aka samu na biyu ne a haɗe, kuma ba zai nuna ko ɗaya yana jan 55 ɗaya 25 ba. Aibinta shi ne wayoyin mita biyun suna kan bolt 450. Akwai masu juya mita zuwa miliamfa su ɗora ta a kan rabin taransifoma kai tsaye; ban ba da shawarar haka ba, domin a wannan hali mitar waya ce kawai, zamewa ɗaya zuwa shasi ta isa. Saitawa da na'urar kallon igiyar sauti, a murɗa har tsagar da ke bayyana a tsakiyar igiyar ta ɓace, ita ma ba ta faɗin wat nawa faranti ke sha.

Saitawar kanta

A mayar da bawul, lasifika a haɗe, murya a sifili, babu abin da aka cusa a mashigar sauti, mamurɗi a wurin sanyi. A bar hita ta yi minti ɗaya, sannan a saki babbar wuta, ido a kan mita, yatsa kusa da makunni. In lamba ta tashi tana gudu ba ta tsaya ba, a kashe nan take. In ta tsaya a wani ƙaramin wuri, a auna ƙafa ta 3 da shasi.

A ɗauka inji ne mai 6L6GC biyu, an samu bolt 468 da miliamfa 22, kuma ana son kashi 65, wato wat 19.5. Rabawa ta ba da miliamfa 41 da ɗoriya. A murɗa a hankali da sukundireba mai rufin roba har a kai 42, sannan a sake auna faranti, domin ƙarin jan wuta yana sauke bolt. Wataƙila yanzu 452 ne. A sake lissafi: 0.042 sau 452 ya ba da wat 19, kashi 63 ke nan, kuma ya isa. A bar injin a kunne minti 15 zuwa 20, a sake dubawa, domin sabon bawul yana yawo kafin ya zauna. Mamurɗi ɗaya ne ke kula da bawul duka a yawancin injuna, don haka wanda ya fi jan wuta shi ake bi. In ɗaya yana 42 ɗaya 38, babu damuwa. In tazarar ta wuce miliamfa 5 zuwa 8, za a fara jin gurnani a lasifika, kuma taransifoma tana ɗaukar wutar da ba ta soke juna ba. A musanya musu soket: in bambancin ya bi bawul, ba a haɗa su daidai ba tun wajen mai sayarwa, in ya tsaya a soket, laifin yana cikin inji. In mamurɗi ya ƙure bai kai inda ake so ba, sai a canza rezistar da ke jere da shi da wadda ta ɗan fi ta ko ta ɗan gaza ta, a sake gwajin farko babu bawul.

Daga nan a rage hasken ɗaki, a sa sauti da ƙarfi na wasu mintuna, a kalli faranti, wato babban ƙarfen toka-toka da ke cikin gilashi. Hasken lemo a tsakiya na hita ne. Shuɗin haske a jikin gilashi ba laifi ba ne. Amma jan tabo a jikin faranti, ko da kaɗan ne, yana nufin a kashe. Tabon azurfa da ke saman kwalba in ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, bawul ya gama aiki.

Wutar layi, inda aka fi yin asara a wajenmu

Duk abin da aka auna a sama ya rataya ne a kan wutar da ke fitowa daga bango a wannan sa'a. A takarda wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Nijar 220, amma duk mai mita ya san da yamma tana iya faɗuwa ƙasa da 200, da tsakar dare ta haura 240, janareta kuma yana da nasa hali. Idan wutar layi ta hau, bolt na faranti da na raga ta biyu da na bayas duk suna hawa tare, amma ba sa soke juna. Wutar da bawul ke ja tana hawa fiye da yadda bolt ya hau, zafin faranti kuma ya fi su duka: ƙarin kashi 10 a bango yana kawo ƙarin wajen kashi 27 a faranti. Wanda ya saita kashi 70 lokacin da layi ke kan 210, ranar da ta kai 240 bawul ɗinsa yana zaune a kusan kashi 98 tun kafin a kaɗa tsirkiya ɗaya. Shi kuwa zai rantse ya bi ƙa'ida.

Maganin shi ne a auna bango duk lokacin da ake auna faranti, a kuma saita a kan mafi girman wutar da injin zai gamu da ita. Mai taransifomar da ake murɗawa a ɗaga wuta ko a sauke ta sai ya kai ta 240 ya yi saitinsa a can. Wanda ba shi da ita ya rage buri: in layi na kan 215 kuma an san tana kaiwa 240, a tsaya a wajen kashi 53. Sitabilaiza mai kyau tana taimakawa, amma ita ma a auna abin da take fitarwa, kada a dogara da lambar da ke fuskarta. In injin yana da mazaɓin 220 da 240, kamar Marshall da yawa, a bar shi a 240. Injunan Amurka da ke shigowa cikin kayan gwanjo suna buƙatar taransifomar sauke wuta zuwa 120, kuma an naɗa tasu taransifomar ne don maimaituwa 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 50 ce, don haka za ta fi ɗaukar zafi ko da komai yana daidai. Hita ita ce shaida mafi sauƙi: tsakanin ƙafa ta 2 da ta 7 ya kamata a ga bolt 6.3 na wuta mai juyawa, kuma daga 6.0 zuwa 6.6 babu laifi. In ta kai 6.9, injin gaba ɗaya yana shan fiye da abin da aka yi shi dominsa. Ga kuma zafin bazara da ƙurar hunturu, wadda in ta taru a soket ta sha danshin damina takan buɗe wa tartsatsi hanya tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3. Soket ɗin da ya yi baƙin tabo a wurin ba a kankare shi, canza shi ake yi.

In bayas na katod ne

A nan babu abin murɗawa, amma awon yana nan. A auna ainihin om na rezistar katod bayan an kashe an sauke caji, domin tsofaffi suna kaucewa daga abin da aka rubuta a jikinsu. A kunna, a auna bolt a kanta, a raba da om, a sake rabawa da yawan bawul ɗin da ke kanta. A ɗauki Fender Deluxe na ƙarshen shekarun 1950, mai 6V6 biyu a kan om 250. In katod ya nuna bolt 20, miliamfa 80 ke nan, 40 ga kowanne, a debe wajen 3 na raga ta biyu, saura 37. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ninka da bolt na faranti zuwa shasi. Bawul yana ganin abin da ke tsakanin faranti da katod ne kawai, don haka in faranti na kan 360, a debe 20, saura 340, kuma 340 sau 0.037 ya ba da wat 12.6.

Ƙa'idar kashi 70 ba ta aiki a nan. Idan sauti ya ƙaru, bolt na katod yana hawa ya ja bawul baya, shi ya sa ake barin irin waɗannan injuna su zauna a kashi 90 zuwa 100, haka ma masu bawul ɗaya tilo irin Champ, waɗanda zafinsu ya fi yawa lokacin da suke shiru. Wat 12.6 ya ɗan haura iyakar wat 12, kuma da irin wutarmu gara a ɗaga rezistar zuwa om 270 ko 300 mai wat 5 ko 10, a nisanta ta da kafasitan da ke gefenta don kada zafinta ya busar da shi. Shi ma wannan kafasita a duba shi, domin in ya haɗe daga ciki, katod ya koma shasi, bayas ya ɓace.

Bayan an gama, a rubuta a ɗan takarda a manna cikin akwatin injin: kwanan wata, irin bawul, bolt na bango, bolt na faranti, bolt na ƙafa ta 5 ko na katod, da miliamfa na kowane soket. A sake aunawa bayan an yi amfani da injin na wasu sa'o'i, sannan duk bayan 'yan watanni. In wata rana aka ga soket ɗaya ya sauka daga 42 zuwa 30 alhali bango da ƙafa ta 5 ba su canza ba, bawul ɗin ne ya fara gajiya, kuma in za a canza, a canza su biyu ko huɗu tare, a koma kan gwajin farko da soket babu kowa.